Jin Daɗin Rayuwa a Idon 'Yan Asalin Latin Amurka

A wurin akasarin manyan mutane 'yan asalin Latin Amurka, waɗanda ke zaune a ƙasashensu da waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amurka, jin daɗin rayuwa abu ne da ake fara aunawa da mutanen da ke kewaye da mutum: lafiyar iyaye, shiryuwar 'ya'ya, zaman lafiya da dangi, da kuma yadda ake ganin mutuncinsa a unguwa. Kuɗi da aiki da gidan zama duk suna da muhimmanci, amma ƙimarsu tana fitowa ne daga abin da suka ba mutum damar yi wa nasa. Wannan ra'ayi shi ne ya fi maimaituwa a binciken masana halayyar ɗan Adam da na lafiyar al'umma tun daga shekarun 1980. Yana da amfanin da aka auna aka gani, yana kuma da nauyin da ba kowa ke ɗaukarsa daidai ba.

Mutanen da ake magana a kai ba ƙabila ɗaya ba ne. A Amurka ana haɗa su a ƙarƙashin suna biyu, Hispanik da Latino. Na farko ya fi karkata ga masu alaƙa da harshen Sifaniyanci, na biyu kuma ga masu asali daga yankin Latin Amurka. Ƙidayar shekarar 2020 ta samu mutum miliyan 62 a wannan rukuni, kusan ɗaya cikin biyar na al'ummar ƙasar. Kimanin kashi 60 cikin ɗari nasu 'yan asalin Meksiko ne, sai na Puwato Riko, waɗanda 'yan ƙasar Amurka ne tun 1917, sannan na El Salbado da Kyuba da Jamhuriyar Dominika da Gwatamala. Akwai farare a cikinsu, akwai baƙar fata jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, akwai 'yan asalin ƙasa masu magana da harsunan Maya ko Kecuwa, akwai kuma mafi yawa waɗanda jininsu gauraye ne. Lauya ɗan Kyuba da ke Mayami da mai tsinkar inabi daga jihar Oaxaca da ke aiki a gonakin Kalifoniya ba rayuwa ɗaya suke yi ba, kuma da za a tambayi kowannensu ko shi wane ne, da sunan ƙasarsa zai fara amsawa. Duk abin da za a faɗa game da al'adarsu, to, magana ce ta rinjaye.

Abin da ya fara jawo hankalin masana shi ne alƙaluma. Rahoton Farin Ciki na Duniya, wanda aka fara fitarwa a 2012, ya dogara ne da wata tambaya ta kamfanin Gallup: a ɗauka rayuwa tsani ce mai hawa daga sifili zuwa goma, a wane mataki mutum yake ganin kansa? Bisa ƙa'ida, ƙasashe masu arziki da ingantacciyar gwamnati su ne ke samun maki mai yawa. Ƙasashen Latin Amurka kuwa sun saba samun fiye da abin da arzikinsu zai sa a yi zato. A rahoton 2025 Kosta Rika ta zo ta shida a duniya, Meksiko ta goma, yayin da Amurka ta tsaya a ta 24. A wani ma'aunin na Gallup, wanda ke tambayar yadda jiya ta kasance (ko mutum ya yi dariya sosai, ko ya huta, ko an girmama shi, ko ya koyi wani abu mai daɗi), ƙasashe irin su Faraguwai da Fanama da Gwatamala sun daɗe suna kan gaba. Duk wannan a yankin da bai kai kashi goma cikin ɗari na mutanen duniya ba amma yake ɗauke da kusan sulusin kisan kai da ake yi a cikinta, ga gagarumar tazara tsakanin mai kuɗi da talaka, ga ƙarancin yarda da 'yan sanda da 'yan siyasa, kamar yadda binciken Latinobarómetro ke nunawa shekara da shekaru.

Masanin tattalin arziki Mariano Rojas ya ba da amsa a wani babi na rahoton 2018: tushen wannan jin daɗi yana cikin yawa da ɗumin dangantakar kusa. Mutumin yankin yana iya rashin yarda da gwamnati, har ma da baƙon da ya haɗu da shi a titi, amma yana da uwa da goggo da aminin ƙuruciya waɗanda yake gani kusan kullum, kuma ya san ba za su bar shi ya kwana da yunwa ba.

Sunan da masana suka ba wannan ɗabi'a shi ne familismo, fifita iyali. Wani bincike da Fabio Sabogal da Gerardo Marín da abokan aikinsu suka buga a 1987 ya rarrabe shi gida uku: jin wajibcin taimaka wa dangi da kuɗi da jiki, sakankancewa cewa dangi za su taimaki mutum idan ya shiga matsala, da kuma ɗaukar dangi a matsayin madubin da ake duba hali a cikinsa kafin a yanke shawara. Sun gano cewa yayin da mutum ke daɗewa a Amurka, na farko da na uku suna raguwa, amma na tsakiya, wato dogaro da goyon bayan dangi, yana nan daram. Iyali a nan ya wuce miji da mata da 'ya'ya. Kakanni da kawunnai da 'ya'yansu duk suna ciki, kuma binciken cibiyar Pew na 2021 ya nuna cewa kusan kashi 26 cikin ɗari na 'yan Latino a Amurka suna zaune a gidan da ya haɗa manya na zuri'a fiye da ɗaya, ninki biyu na abin da ake samu a tsakanin fararen fata. Tsadar haya tana da hannu a ciki, amma kai tsohuwa gidan kula da tsofaffi abu ne da da yawa cikinsu ke gani a matsayin abin kunya ko da akwai halin biya.

Akwai kuma dangin da ake ƙullawa da gangan. Idan za a yi wa jariri baftisma a cocin Katolika, iyaye sukan zaɓi namiji da mace su tsaya masa. Daga ranar, waɗannan biyun sun zama compadre da comadre ga iyayen yaron, zumuncin da ke ɗauke da hakkin rance da ziyara da shawara har mutuwa. Bikin cikar yarinya shekara 15, quinceañera, yana nuna yadda tsarin ke aiki. Iyalin da ke aikin wanke-wanke a gidan abinci ba za su iya ɗaukar nauyin bikin mutum ɗari biyu su kaɗai ba, don haka ake raba shi: wannan ya ɗauki nauyin rigar yarinya, wancan kek, wani makaɗa, wata hoto, wani hayar zaure, kuma akan rubuta sunan kowa a katin gayyata tare da abin da ya ɗauka. Da safe a je coci, da dare uba ya canza wa 'yarsa takalmi daga shimfiɗaɗɗe zuwa mai tsini, su yi rawa tare a gaban jama'a. Mai kallo daga waje yana iya ganin almubazzaranci. Ga masu bikin kuwa, ranar ce ake fito da jerin mutanen da iyalin za su iya dogara da su a fili, kowa ya gani, kuma duk wanda aka taimaka a yau ya san za a ƙwanƙwasa masa ƙofa gobe. Adashi, wanda 'yan Meksiko ke kira tanda, yana tafiya ne a kan wannan amana, kuma da shi baƙi da yawa marasa asusun banki suke haɗa kuɗin mota ko jarin sana'a.

Ɗabi'a ta biyu ita ce simpatía: sakin fuska, daɗin mu'amala, da kauce wa faɗa ido da ido. Harry Triandis da abokan aikinsa ne suka fara auna ta a 1984, a tsakanin sababbin sojojin ruwa na Amurka, inda suka ga cewa 'yan Hispanik sun fi sa ran a nuna fara'a a mu'amala, sun kuma fi ƙyamar suka ƙiri-ƙiri. Wani bincike na 2009 da Nairán Ramírez-Esparza ta jagoranta ya fito da abin a zahiri. An rataya wa ɗalibai a Meksiko da Amurka wata 'yar na'ura da ke naɗar sautin da ke kewaye da su lokaci-lokaci, aka kuma ba su takarda su siffanta kansu. A takarda, ɗaliban Meksiko sun ce ba su cika son shiga mutane ba idan aka kwatanta da yadda Amurkawa suka faɗa game da kansu. Na'urar kuwa ta nuna akasin haka: su ne suka fi ɓata lokaci suna hira da mutane ido da ido. Abin da ake gani a matsayin yawan zumunci a wani wuri, a wurinsu zaman yau da kullum ne da bai kai a yi alfahari da shi ba. Al'adar sobremesa, wato ci gaba da zama a teburi ana hira bayan an gama cin abinci, wani lokaci har awa biyu ranar Lahadi, tana cikin irin wannan lokacin da ba wanda ke lissafa shi.

Wannan ne ya sa masana suka daina jefa duk al'ummomin da ke fifita jama'a a kan mutum ɗaya cikin kwando guda. A Caina da Japan ma ana fifita jama'a, amma bincike ya nuna cewa a can an fi daraja nutsuwa da danne motsin rai domin a zauna lafiya. A Meksiko kuwa hanyar zama lafiya ita ce a fito da farin ciki fili: runguma, sumbatar kunci a gaisuwa, dariya da ƙarfi, kiɗa da rawa. Dukansu zaman lafiya suke nema, ta ƙofofi mabambanta.

Kusa da wannan akwai respeto, girmamawa bisa shekaru da matsayi. Sifaniyanci yana da lamirin girmamawa, usted, da ake amfani da shi ga babba ko baƙo, kuma akan sa Don ko Doña a gaban sunan dattijo ko dattijuwa. A wasu gidaje na Puwato Riko da Benezuwela da Jamhuriyar Dominika, yaro, har ma magidanci mai furfura, yakan nemi albarkar iyayensa a duk lokacin da ya shigo ko zai fita, su kuma su amsa da addu'ar Allah ya yi masa albarka. Idan iyaye suka ce suna son ɗansu ya zama bien educado, tarbiyya suke nufi, ba takardar digiri ba. Dattijon da 'ya'yansa suka tashi da ladabi yana ɗaukar kansa wanda ya ci nasara a rayuwa ko da bai mallaki gida ba, kuma wanda ɗansa likita ne amma ba ya kiran waya yana jin akwai abin da ya ɓaci.

Addini ya ratsa duk waɗannan. Ranar 12 ga Disamba miliyoyin mutane ke tururuwa zuwa majami'ar Guadalupe a birnin Meksiko, wasu da ƙafa daga garuruwa masu nisa, wasu da rarrafe a kan gwiwa a zangon ƙarshe don cika alwashi, kuma ana yin irin wannan taro a Los Anjalis da Cikago. Ranar 1 da 2 ga Nuwamba, a bikin tunawa da matattu, ana kafa wani ɗan dandamali a gida a jera hotunan waɗanda suka rasu, da furanni ruwan lemo, da kyandir, da burodi na musamman, da abincin da mamacin ya fi so. A garuruwan da ke gefen tafkin Pátzcuaro a jihar Michoacán, iyalai kan kwana a maƙabarta suna hira a gefen kabarin nasu. Hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun gado na duniya a 2008. Ma'anarsa ga batun jin daɗi a fili take: mutuwa ba ta fitar da mutum daga cikin iyali, kuma baƙin ciki abu ne da ake ɗauka tare.

Sai dai taswirar addinin tana sauyawa da sauri. Alƙaluman Pew sun nuna cewa a 2010 kashi 67 cikin ɗari na manyan 'yan Latino a Amurka mabiya Katolika ne, amma zuwa 2022 sun koma kashi 43, yayin da waɗanda ba su danganta kansu da kowane addini ba suka tashi daga kashi 10 zuwa 30. Kimanin ɗaya cikin biyar Furotesta ne, da yawansu a ƙananan majami'un Fentikostal da ke hayar shago a bakin titi. Ga baƙon da ya baro danginsa, irin wannan majami'a takan maye gurbin iyali: a nan zai ji labarin aiki, a nan za a haɗa masa kuɗi idan ya kwanta ciwo.

An daɗe ana jingina wa 'yan Latino abin da ake kira fatalismo, wai sun miƙa wuya ga ƙaddara har ba sa neman magani da wuri. Hujjar da ake kawowa ita ce yawan cewa si Dios quiere, in Allah ya so, a kan kowane shiri na gobe. Wannan fassara tana da rauni. Macen da ba ta je gwajin cutar daji ba sau da yawa ba ta da inshorar lafiya, ko ba za a ba ta hutun rabin yini a wurin aiki ba, ko tana tsoron a tambaye ta takardun zama. 'Yan Hispanik suna cikin waɗanda suka fi kowa rashin inshora a Amurka, kusan ɗaya cikin shida. Kuma mutanen da suka ratsa hamadar Sonora da ƙafa don neman abin da za su ciyar da 'ya'yansu, da wuya a ce sun zauna jiran ƙaddara. Kalaman da suka fi yawa a bakinsu na faɗi-tashi ne: salir adelante, a ci gaba a fita daga ƙunci, da echarle ganas, a dage. Kuma ci gaban da ake nufi na gida ne gaba ɗaya. A 2023 kuɗin da aka aika Meksiko daga waje ya haura dala biliyan 63, a El Salbado da Hondura kuwa irin wannan kuɗi ya kai kusan rubu'in tattalin arzikin ƙasa. Ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da ke Amurka sun gina hanyoyi da makarantu da asibitoci a ƙauyukansu, har gwamnatin Meksiko ta ɗauki shekaru, tun daga 2002, tana gudanar da wani shiri da ya samo asali daga jihar Zacatecas, inda a kan kowane feso (kuɗin Meksiko) da suka tara, gwamnatin tarayya da ta jiha da ta ƙaramar hukuma kowacce ke ƙara feso ɗaya. Leburan gini da ke kwana da mutum biyar a ɗaki ɗaya a Hustan, idan aka tambaye shi ko rayuwarsa na tafiya daidai, yana iya amsawa da labarin ɗakin da aka zuba wa siminti a garinsu da 'yarsa da ta shiga jami'a.

Yadda ake bayyana rashin jin daɗi ma yana bin wannan tsari. Maimakon a ce ciwon damuwa ko fargaba, akan ce nervios, kalmar da ke haɗa rashin barci da ciwon kai da saurin fushi da kuka, kuma ba ta ɗauke da tabon hauka. Akwai ataque de nervios, wanda aka fi sani a tsakanin mutanen Karibiyan: mutum ya ɓarke da ihu da kuka da makyarkyata, ya ji zafi na tasowa daga ƙirji zuwa kai, wani lokaci ya faɗi. Kusan kullum abin da ke tayar da shi lamari ne na iyali, kamar labarin rasuwa, ko rabuwar aure, ko rikici da ɗa. Akwai kuma susto, razanar da ake ganin tana raba kurwa da jiki, wadda mai maganin gargajiya ke yi wa aiki da addu'a da hayaƙin turare da shafa ganyaye ko ɗanyen ƙwai a jiki. Kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya ambaci waɗannan ukun a bugunsa na 1994 da na 2013, domin likitan da bai san su ba yana iya ɗaukar kukan uwa da ɗanta ya shiga kurkuku a matsayin taɓin hankali.

Tambayar da ta fi ɗaukar hankalin masana lafiya ita ce ko wannan tsarin zumunci yana ƙara tsawon rai. A 1986 Kyriakos Markides da Jeannine Coreil suka nuna cewa lafiyar 'yan Hispanik na kudu maso yammacin Amurka ta fi kusa da ta fararen fata, duk da cewa talaucinsu ya fi kusa da na baƙar fata. Alƙaluman baya sun ƙara ƙarfafa abin: a 2019 tsawon ran da ake sa wa ɗan Hispanik rai ya kusa shekara 82, na farar fata kuwa kusan 79, alhali talauci a tsakanin 'yan Hispanik ya ninka na farare. An kawo dalilai da dama. Wasu sun ce masu ƙarfi ne ke iya ƙaura tun farko. Wasu sun ce waɗanda suka tsufa ko suka kamu da ciwo suna komawa gida su mutu, don haka ba a ƙidaya su. Wannan dalili na biyu yana da ƙanshin gaskiya ga 'yan Meksiko, amma bai bayyana lamarin 'yan Kyuba ba, waɗanda komawa gida ta yi musu wuya shekaru da yawa. Ƙarancin shan taba ma yana da babban rabo. Zumunci na cikin jerin, amma raba tasirinsa da na sauran abu ne mai wuya, kuma duk wanda ya ce shi kaɗai ne sirrin ya wuce abin da hujja ta ba shi. Annobar korona ta nuna iyakar kariyar: a 2020 tsawon ran 'yan Hispanik ya faɗi da kusan shekara huɗu, domin su ne suka cika mayankar nama da gonaki da wuraren gini da ba a rufe ba, kuma gidan da ya haɗa kaka da jika ya zama hanyar yaɗuwar cutar.

A fannin lafiyar ƙwaƙwalwa hoton ya fi fitowa sarai. William Vega da abokan aikinsa sun tattauna da kusan mutum 3,000 'yan asalin Meksiko a yankin Fresno na Kalifoniya, suka buga sakamakon a 1998. Kimanin rubu'in waɗanda aka haifa a Meksiko ne suka taɓa fama da wata larurar ƙwaƙwalwa ko shaye-shaye, amma a cikin waɗanda aka haifa a Amurka adadin ya kusa rabi, kuma yana hauhawa gwargwadon daɗewar baƙo a ƙasar. Binciken ƙasa baki ɗaya da Margarita Alegría ta jagoranta a 2002 zuwa 2003 ya tabbatar da wannan ga 'yan Meksiko, ya kuma nuna cewa 'yan Puwato Riko sun fi sauran fama da larurar, ko a ina aka haife su. Ma'ana, 'ya'yan da suka fi iyayensu kuɗi da ilimi da Turanci ba su fi su kwanciyar hankali ba. Ana danganta wannan da sassaucin igiyar dangi, da sauƙin samun ƙwaya da barasa, da wariya, da kuma sauyin ma'auni: uba yana kwatanta rayuwarsa da ƙauyen da ya baro, ɗa kuwa da abokan karatunsa farare. Carol Graham ta cibiyar Brookings ta ga makamancin haka a Feru, inda waɗanda samunsu ya fi ƙaruwa su ne suka fi ƙorafin cewa ba su ci gaba ba.

Nauyin wannan tsari ya fi sauka a kan mata. Abin da Evelyn Stevens ta kira marianismo a 1973, wato tsammanin mace ta zama mai haƙuri da sadaukarwa irin na Budurwa Maryamu, yana nufin cewa 'ya ko suruka ce ke barin aiki ta yi jinyar tsoho, kuma ita ce ake ce wa ta daure idan miji yana cutar da ita, don kada gida ya watse. Namiji kuma an hore shi kada ya nuna rauni, abin da ke tura wasu ga kwalba maimakon likita, kodayake masana sun nuna cewa mazantakar tana da wata fuskar ta riƙon amana da kare iyali, wadda ke tafiya da ƙarin gamsuwa da rayuwa. Sakin fuskar da ake yabo ma tana da bayanta: inda faɗa ido da ido abin ƙi ne, ɓacin rai yakan daɗe a ciki, kuma maganar gida ba ta fita waje. Luis Zayas ya shafe shekaru yana nazarin dalilin da ya sa 'yan mata 'yan Latino a makarantun sakandaren Amurka suka daɗe suna da yawan yunƙurin kashe kai, ya kuma gano cewa sau da yawa tushen yana cikin tsaka-mai-wuyar da yarinya ke shiga tsakanin biyayyar da gida ke nema da 'yancin da take gani a makaranta. Ga iyalan da wani nasu ba shi da takardun zama kuwa, ƙaunar dangi kanta ce ke zama tushen fargaba, domin kama mutum ɗaya a hanyar aiki yana girgiza gida guda.

Akwai kuma shakku a kan ma'aunin kansa. Bincike ya nuna tun ƙarshen shekarun 1980 cewa 'yan Hispanik sun fi karkata ga zaɓar amsar ƙarshen ma'auni, “ƙwarai da gaske” maimakon “da dama-dama”, kuma mai ladabi ba zai so ya cika baƙon da ya zo da takarda da koke-koke ba. Wani ɓangare na makin da yankin ke samu yana iya fitowa daga nan. A ɗaya gefen, ma'aunan da aka fi amfani da su an ƙera su ne a jami'o'in Amurka. Na Carol Ryff na 1989 ya sa cin gashin kai cikin ginshiƙai shida na lafiyar rai, na Ed Diener na 1985 kuma yana tambayar mutum ko ya samu abubuwan da shi yake so a rayuwa. Matar da ba ta yanke shawara sai ta ji ta bakin mahaifiyarta za ta samu ƙaramin maki a cin gashin kai, alhali a ganinta wannan shawarar ce alamar cewa rayuwarta na kan hanya. Kuskuren awo, ke nan, yana iya tafiya ta kowane ɓangare.

A tsaunukan Andis ra'ayin auna jin daɗi da zumunci ya shiga har cikin doka. Kundin tsarin mulkin Ekwado na 2008 ya ɗauki sumak kawsay na harshen Kecuwa, kyakkyawan zama, a matsayin manufar ƙasa, Bolibiya ma ta sa suma qamaña na Aimara a nata na 2009. Dukansu suna faɗaɗa da'irar zumunci ta haɗa da al'umma da ƙasar noma da ruwa. Gwamnatocin biyu sun ci gaba da haƙar mai da ma'adinai bayan haka, abin da ya jawo musu suka daga ƙungiyoyin 'yan asalin ƙasar da suka kawo ra'ayin.

A Amurka, inda sanin ya fi yin amfani shi ne asibiti. Cibiyoyin lafiya da yawa suna ɗaukar promotoras, mata 'yan unguwa da aka horar, su shiga gida-gida da coci-coci suna bayani kan ciwon suga da hawan jini da damuwa, domin shawarar da ta fito daga bakin wadda aka sani ta fi karɓuwa. Likitoci sun koyi cewa tambayar lafiyar iyali kafin a shiga maganar ciwo tana buɗe bakin majinyaci, kuma cewa dattijo ya sha magani domin ya ga auren jikarsa ya fi tasiri a kan a ce ya sha domin kansa. Babban binciken lafiyar 'yan Hispanik da ya ɗauki mutum fiye da 16,000 a Bronks da Cikago da Mayami da San Diyego tsakanin 2008 da 2011 yana ci gaba da bibiyarsu, kuma cikin abin da yake aunawa akwai ƙarfin dangantakar iyali da addini da wariya. Al'ummar da ake nazarin kuwa tana sauyawa a hannu: kusan biyu cikin uku na 'yan Latino a yau a Amurka aka haife su, aure tsakaninsu da wasu jinsuna ya yawaita, kuma binciken Pew na 2017 ya nuna cewa kashi 97 cikin ɗari na baƙin da suka zo da kansu suna kiran kansu Hispanik ko Latino, a zuri'a ta uku adadin ya sauka zuwa kashi 77, a ta huɗu kuma rabi ne kawai.